Ɗana Ya Ci Kofi Da Muryar Kakarsa

Gwaggo mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta shafinki, kuma ba zan ɓoye miki ba, sau da yawa nakan ce a raina matan nan ba su da aikin yi, komai ya same su sai sun kai wa jarida. To yau ga ni a layi. Ki sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya zauna a zauren nan ranar da abin ya faru zai iya gane ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin maza na wani asibiti. Iyayena ba 'yan ƙasar nan ba ne. A goye suka shigo da ni, lokacin da zama ya gagara a can inda aka haife su. A nan na yi wayo, a nan na yi karatu, a nan na yi aure, amma har gobe baƙuwa ce ni a idon mutane. Mu baƙaƙe ne wuluk, su kuwa masu haske ne, saboda haka tun daga bakin ƙofa ake sanin ko ni wace ce. Akwai wani suna da suke kiranmu da shi, ba zan rubuta shi ba. Na ji shi a bakin yara, na ji shi a motar haya, na ji shi a bakin majinyacin da nake wanke wa ciwo. Akwai dattijon da na zo sa wa ruwa ya janye hannunsa, ya ce a kira masa wata nas ɗin. Na kira masa ita, na tsaya riƙe da tiren allura har ta gama laluben jijiyar. Irin wannan ya daina yi min zafi tuntuni, gajiya kawai yake sa ni.

Mijina ɗan ƙasa ne, makaniki, mutumin kirki wanda magana ba ta dame shi ba. Danginsa sun yi ta tsaki lokacin aurenmu, da suka gaji suka bari. Ɗa ɗaya Allah ya ba mu. Ya kwashe hasken ubansa da gashin ubansa, ni dai idanu kawai ya ɗauka a wurina, sai taurin kai. Tun yana ƙarami muke kiransa Lauya, domin ko wanka aka ce ya yi sai ya nemi dalili. Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta raine shi, don ni kullum ina wurin aiki. Tun rasuwar mahaifina take zaune tare da mu. Yaren ƙasar nan ba ta iya ba, sai na gaisuwa da na cinikin kasuwa, shi ma a karye, tana cusa namu a ciki. Lauya da yarenmu ya fara magana, a kan cinyarta.

Yanzu yana kwaleji, ya shiga ƙungiyar muhawara, wato dai an ba shi lasisin abin da ya saba yi mana a gida kyauta. Ga yadda suke yi. Ana sanar da batu, a jefa kwabo, ɓangaren da ya faɗo maka shi za ka kare, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. A ba ku ɗan lokaci ku shirya, sannan ku hau dandamali gaban alƙalai. Malamin da ke horar da su yana da wata ƙa'ida da Lauya ya haddace har yana maimaita mana wajen cin abinci. Wai lissafi da ƙididdiga hamma suke sa alƙalai, abin da mutum ya gani da idonsa shi ke cin maki.

Kwanakin baya kwalejinsu ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Babansa kawai ya gaya wa, don ya san ina da aiki ranar. Ni kuma na ce bari in ba shi mamaki. Na yi musaya da wata abokiyar aikina, Inna ta fito da mayafinta na fita unguwa, babansa ya rufe gareji, muka tafi mu uku. Mun ɗan makara, muka samu kujerun roba can baya, kusa da wata fanka da ba ta juyawa. Bai san mun zo ba.

Aka karanta batu: gwamnati ta mayar da baƙin da suka shigo ƙasa inda suka fito. Kwabo ya ba su Lauya ɓangaren goyon baya. Na lallashi kaina, na ce ai wasa ne. Zai yi maganar ƙarancin gidaje da rashin aikin yi da cunkoson asibiti, wanda ni da kaina na san akwai shi, tunda ni ke shimfiɗa wa mutane katifa a baranda in gadaje sun ƙare. Abokin tafiyarsa ma, wanda ya fara magana a ɓangarensu, abin da ya yi ke nan. Ban ga laifin maganarsa ba, aka tafa masa sama-sama ya zauna.

Sai ɗana ya miƙe. Ya kife takardarsa a kan tebur, ya ce shi ba zai wahalar da kowa da lissafi ba, domin ya shiga gidajen mutanen nan ya ga yadda suke rayuwa. Ya ce muna haihuwa kamar ɓeraye. Ya ce warinmu yana riga mu shiga ɗaki. Ya ce mutum zai tsufa a ƙasa yana cin arzikinta, amma ya kasa gaya wa likita inda ke masa ciwo da yarenta. Daga nan ya kawo labarin wata tsohuwa mai tara ledoji da gwangwanaye a ƙarƙashin gado, wadda kullum kayanta a ƙunshe suke kamar mai jiran mota. Gwaggo, Inna ce. Tun da suka gudo take ajiye ƙunshi ɗaya a ɗaure, mun yi mun yi ta ƙi kwance shi. Sannan ya ranƙwafa, ya dafa ƙugu, ya kwaikwayi yadda take ciniki a kasuwa, da muryarta, da karyayyen yarenta, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara magana. Zaure ya kwashe da dariya. Ɗaya daga cikin alƙalan har da cire tabarau yana share ido. Da zai rufe sai ya faɗi sunan nan da na ce ba zan rubuta ba, aka tashi tsaye ana tafi.

Inna ba ta fahimci komai ba sai muryar. Ta zungure ni da gwiwar hannu tana dariya, ta ce min ja'irin nan ita yake yi, ashe ko a gaban manyan mutane yana tunawa da ita. Ta fi kowa tafi a layinmu. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Babansa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

A ɗaya ɓangaren akwai wata yarinya tamu, baƙa siririya, ita ce mai magana bayansa. Ta miƙe da takardarta. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma murya ta shaƙe, aka kaɗa mata ƙararrawa ba ta kai rabin abin da ta shirya ba. Aka ba su Lauya nasara, shi kuma aka ba shi kofin gwarzon mai magana. Yana ɗaga kofin ne ya hango Inna tana kaɗa masa gefen mayafi. Na ga yadda fuskarsa ta canja. Bai zo inda muke ba sai da zauren ya kusa watsewa. A nan ne na tuna cewa tun da ya shiga kwalejin bai taɓa kawo aboki gida ba, kuma in za a kai masa saƙo, babansa yake so ya je.

Washegari na tare shi a kicin. Ya ce kwabo ne ya ba shi ɓangaren, da ɗayan ya faɗo masa da sai ya sa zauren kuka saboda mu. Ya ce haka kowa ke yi a gasar, akwai waɗanda suka faɗi abin da ya fi nasa muni a kan wasu mutanen, aka kuma ba su maki. Ya ce bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce matsalata ita ce na kasa raba muhawara da gaskiya. Yana yi yana ƙirga min hujjoji da yatsu, sai ka ce ni ce abokiyar karawarsa. Ni kuwa tun yana ɗan firamare ban taɓa cin Lauya a gardama ba. Na kashe gas na fita na bar masa tukunyar.

Babansa ya ce yaro ya yi kuskure, amma in bar maganar ta mutu da kanta. Na san bai ji daɗi ba, sai dai ba shi aka ce yana wari ba.

Tun daga ranar gidanmu ya koma kamar ɗakin jiran likita. In zuba masa abinci, ya ce an gode, shi ke nan. Inna ta ɗora kofin a kan firji, kullum sai ta goge shi da gefen zaninta, duk wadda ta shigo sai ta sha labarin yadda jikanta ya yi muryarta a gaban jama'a. Takan ce ya sake yi mata, ya ƙi, ta ce kunya yake ji. Ga zagayen ƙarshe ya matso. Ta riga ta kai ɗinki, ta ce wannan karon a layin gaba za ta zauna. Kuma an ɗauki jawabin a waya yana yawo. Cikin matan da ke zuwa hira wurinta akwai masu 'ya'ya a kwalejin. Yau ko gobe wata za ta fassara mata.

Gwaggo, in gaya mata da bakina? In hana ta zuwa, to da wane dalili? In kai ƙara wurin masu shirya gasar, a cire ɗana da hannuna? Wani lokaci nakan ji kamar in yi, wani lokaci nakan ji ba ni da ƙarfin ko ɗaga waya. Abin da ya fi cin raina shi ne ban sani ba ko maganar nan daga kwabo ta fito ko daga cikinsa. Ina son yaron nan, ba ni da wani sai shi, amma yanzu in ya wuce ta kusa da ni a kicin sai in ga ina matsawa gefe, ina tambayar kaina ko warin yake ji. A asibiti in an yi min nakan ce in na koma gida zan huta. Yanzu ban san inda zan je in huta ba. Na gaji ƙwarai.

Taki,
Uwar Lauya

*

Uwar Lauya,

Sannu, 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka na karanta. Bari in fara sauke miki abu ɗaya. Ba ki kasa raba muhawara da gaskiya ba. Kwabo ɓangare ya ba ɗanki, bai ba shi ɓeraye ba, bai ba shi muryar kakarsa ba. Abokin tafiyarsa kwabo ɗaya ne ya faɗo musu, ya kare batun bai ci mutuncin kowa ba. Abin da ɗanki ya yi cin zarafi ne, kuma shi ya zaɓa.

Amma dole in duba ta wajensa, ko da ba za ki so ba. Kare ɓangaren da ba naka ba horo ne mai kyau, yana koya wa yaro jin maganar wanda ya saɓa masa, saboda haka ban ce a raba shi da muhawara ba. Sannan ba shi kaɗai ne a zauren ba. Malami ya koya masa cewa abin da ya gani da ido ke cin maki, bai koya masa cewa akwai abin da ake gani a gida a bar shi a gida ba. Manya masu furfura suka yi dariya, suka miƙa masa kofi. Yaron da aka tafa wa a kan ɓarna yana da wuya ya gane ɓarna ce.

Akwai kuma abin da ke kika faɗa da kanki. Bai taɓa kawo aboki gida ba. Ke tun daga bakin ƙofa ake ganin ko ke wace ce, shi kuwa ba a gani. Ina kyautata zaton ya sha jin sunan nan a gabansa, daga bakin abokan da ba su san ɗan wa ne ba, ya yi shiru, watakila har ya taya su dariya don kada a dube shi. Wannan ba uzuri ba ne. Amma abin da nake gani a wasiƙarki ya fi kama da tsoro fiye da ƙiyayya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ki lura kuma, Inna na roƙonsa ya sake muryar yana ƙi. Da bai san abin da ya yi ba, da tuni ya sake.

Ke ma akwai gyara a wajenki. Kin je kin yi gardama da wanda gardama ce sana'arsa, da ya kayar da ke sai kika rufe baki. Shirun uwa ba ƙaramin hukunci ba ne, kuma in ya daɗe yaro kan saba da shi. Kada ki bari ku saba.

Maigidanki kuma ya daina jiran magana ta mutu da kanta. Ki gaya masa, ba da faɗa ba, cewa matarsa da surukarsa aka zaga, kuma ɗansa yana buƙatar ya ji haka daga bakin uban da ya yi kama da shi. Shi ne kuma ya dace ya je ya ga malamin da ke horar da su. Kada ya je neman a cire yaron. Ya je ya tambaya ko gasar tana da doka a kan aibanta mutane saboda launinsu ko asalinsu, in babu a yi, in akwai a tambayi alƙalan da suka ba shi maki. Wannan zai amfani yara da yawa, har da yarinyar nan da murya ta shaƙe mata. Ita ma ɗanki yana da haƙurin da zai ba ta, ido da ido, ba ta waya ba.

Batun Inna, kada ki bari ta ji daga wayar wata baƙuwa, kuma kada ki yi mata ƙarya don ki hana ta zuwa. Amma ba ke ce ya kamata ki fara gaya mata ba, aikinsa ne. Ba sai ya maimaita mata kowace kalma ba, tsohuwa ba ta buƙatar wannan. Ya durƙusa a gabanta ya ce ya yi amfani da muryarta don a yi wa mutanenta dariya, ya nemi gafara. Za ta ji zafi. Amma mace ce da ta bar ƙasarta goye da jaririya ta rayu, ta fi ku ƙarfi ku duka. Bayan nan zuwa zagayen ƙarshe ko rashin zuwa nata ne, ku bar mata. In ranar ta matso bai yi ba, ki gaya mata da kanki a hankali.

Ga abin da nake so ki fara yi. Ki zaɓi lokacin da Inna ba ta gida. Ki zaunar da shi, ki ce kin yarda muhawara ce kawai, saboda haka ya sake yi miki jawabin daga farko har ƙarshe, amma da yarenku. Kada ki katse shi, kada ki kare kanki, kada ki yi kuka in za ki iya. Da yaren makaranta aka horar da shi ya faɗi komai ya zauna lafiya. Da yarenku kuwa bai taɓa neman maki ba, abinci ya roƙa da shi, da shi aka yi masa rarrashi in zazzaɓi ya kama shi. In ya kai ƙarshen jawabin bakinsa bai sarƙe ba, ki sake rubuto min, wannan wata cuta ce dabam. Amma ba na tsammanin zai yi nisa.

Idan ya tsaya, kada ki ce masa ka gani ko. Kada ki cika masa shirun da wa'azi. Ki ba shi lokaci, sannan ki tambaye shi abin da ake faɗa a gabansa a makaranta, da tun yaushe yake ɓoye ku. Amsar za ta yi miki ɗaci, ki saurara har ƙarshe. Bayan nan ki gaya masa a fili cewa ya ji miki ciwon da majinyata ba su taɓa ji miki ba, kuma har yanzu ɗanki ne. Ki faɗi duka biyun, kada ki bar masa ɗaya.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya shirya miki yaronki, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ki kula da kanki, ki ci abinci, ki yi barci.

Gwaggonki